Maɓuɓɓugar Ayon: Sashen da Ke Yanke Abin da Na'urar Auna Ƙwayoyin Sinadari Za Ta Gani

Idan takardar ɗakin gwaji ta ce an sami ragowar maganin ƙwari a cikin wake, ko gubar aflatoksin a cikin gyaɗa, ko dalma a cikin jinin yaro, sau da yawa lambar da ke jikin takardar ta fito ne daga na'urar da masana ke kira mas-sifektiromita, wadda aikinta shi ne rarrabe ƙwayoyin sinadari gwargwadon nauyinsu. Masu tallar wannan na'ura da masu rubuta takardar neman kuɗin sayenta sun fi kururuta sashenta na tsakiya, wanda ke rarrabe nauyi, domin a nan tsadar take, kuma a nan kamfanoni ke gasa. Sai dai wannan sashe, komai ingancinsa, da ƙarfin lantarki ko na maganaɗisu kaɗai yake sarrafa abin da ya shigo masa, kuma waɗannan ba sa kama ƙwayar da ba ta ɗauke da caji. Ƙwayar da ta sami caji ita ake kira ayon, sashen da ke ba ta cajin kuwa shi ne maɓuɓɓugar ayon. Abin da nake son nunawa shi ne na'urar ba samfurin da aka ba ta take gani ba. Abin da maɓuɓɓugar ta miƙa mata shi take gani, kuma wannan ya rataya ne a kan wasu ƙananan kayayyaki, waya da allura da faranti da mazurari, waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba sai ranar da aiki ya tsaya.

Wahalar ta faro ne daga buƙatun da ba sa jituwa da juna. Dole ƙwayar ta rabu da 'yan'uwanta ta tashi ita kaɗai, dole ta sami caji ba tare da ta wargaje baki ɗaya ba, sannan dole ta isa wani ɗaki da aka zuƙe iskarsa kusan ƙaf. A cikin iskar da muke shaƙa ƙwaya ba ta tafiyar da ta wuce kimanin nanomita 70 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) kafin ta yi karo da wata, alhali a cikin na'urar ana so ayon ya yi tafiya mai nisa bai gogi komai ba, shi ya sa ake sauke matsin iskar ciki zuwa kimanin kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na matsin iskar waje, wani lokaci ma ƙasa da haka. Samfuran da ake kawowa ɗakin gwaji kuwa jini ne da fitsari da ruwan rijiya da garin hatsi, babu ɗaya daga cikinsu da aka halitta don irin wannan wuri. A lura kuma cewa abin da na'urar ke aunawa shi ne nauyin ayon idan an raba shi da yawan cajin da yake ɗauke da shi, kuma maɓuɓɓugar ce ke yanke yawan cajin.

A lokacin da J. J. Thomson ya ga alamar iskar niyon iri biyu, mai nauyi 20 da mai nauyi 22 (idan an ɗauki nauyin haidirojin a matsayin ɗaya), a ɗakin gwaji na Cavendish da ke Kambirij wajen 1913, da bututun tartsatsin lantarki yake samar da ayon, kuma da irinsa Francis Aston ya yi aiki a na'urarsa ta 1919. Hanyar da ta dawwama ita ce ta harbin ƙwayoyi da elektiron (ƙanƙanin ɓangaren ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki), wadda Arthur Dempster ya yi amfani da ita a Chicago a 1918, Alfred Nier na Jami'ar Minnesota kuma ya daidaita fasalinta a shekarun 1940. Wannan fasali, da ake taƙaita sunansa da EI, shi ne har yau yake cikin kusan duk na'urar da aka haɗa da bututun rarrabe tururi, wato GC-MS.

Maɓuɓɓugar EI ɗan akwatin ƙarfe ne da bai wuce a riƙe shi a tafin hannu ba. A gefensa akwai siririyar waya ta tangistin ko reniyam, ƙarafan da aka zaɓa don sun fi sauran jure zafi, tunda tangistin ba ya narkewa sai a digiri 3,422, reniyam kuwa a 3,186. Idan wuta ta bi ta cikin wayar sai ta yi jawur ta fara fitar da elektiron, ana jan su su ratsa akwatin ta wata 'yar huda, wasu ƙananan maganaɗisu biyu kuma suna tattara su don kada su warwatse. Tururin samfur yana shigowa ta wani gefen, elektiron mai gudu ya fizge wa ƙwaya elektiron ɗaya daga nata, ta zama ayon. A bayan akwatin akwai wani ƙarfe mai ɗan caji irin na ayon ɗin, wanda ke ingiza shi waje, a gaba kuma akwai jerin faranti masu huda da ke tattara ayon ɗin su miƙar da shi zuwa sashen rarrabewa. Ana dumama akwatin zuwa digiri 200 ko 250 don kada tururi ya daskare a bangonsa. Duk da wannan tsari, ƙalilan ne ƙwarai daga ƙwayoyin da suka shigo ke samun caji. Sauran famfo ne ke zuƙe su, ko su manne a bango.

Ƙarfin elektiron ɗin kusan ko'ina a duniya 70 eV ne (eV shi ne ma'aunin wannan ƙarfi), alhali abin da yawancin ƙwayoyin sinadarin halitta ke buƙata don su saki elektiron bai wuce 8 zuwa 12 ba. Rarar ƙarfin tana fasa ƙwayar gunduwa-gunduwa. Da farko mutum zai ɗauka wannan hasara ce, amma ita ce ribar hanyar, domin kowace ƙwaya tana da wuraren da take karyewa, kuma a daidai 70 eV ɗan bambancin da ke tsakanin na'ura da na'ura ba ya canza yanayin fashewar sosai. Kamar maginin tukwane ne da zai kalli tsingaro ya faɗi irin tukunyar da ta fashe. A kan haka aka gina rumbunan bayanai, irin na hukumar NIST ta Amurka mai ɗauke da jadawalin dubban ɗaruruwan sinadarai, wato jerin layukan da ke nuna nauyi da yawan gutsattsarin kowanne, har ya zama jadawalin da aka samu a Zariya ana iya kwatanta shi da wanda aka ɗauka a wata nahiya shekaru da dama da suka wuce. Maganin ƙwarin nan daikulobos, wanda yawansa a busasshen wake ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Nijeriya a 2015, nauyinsa 220 ne, amma a EI layin 220 ɗan ƙarami ne. Da gutsattsarinsa masu nauyi 109 da 185 aka fi gane shi.

Inda ake fasa ƙwayoyi dole datti ya taru. Sannu a hankali wani siririn fenti mai launin ƙasa yana rufe bangon akwatin da ƙarfen ingizawa da farantan, kuma da yake wannan fenti ba ya wuce da lantarki, sai caji ya taru a kansa ya karkatar da hanyar ayon. 'Yan tangaran ɗin da ke raba ƙarfe da ƙarfe su kuma akasin haka ke samun su: idan suka yi baƙi sai su fara wuce da wutar da aka sa su su tare. Mai aiki da na'urar yana gane haka ne ta wani sinadarin daidaitawa, PFTBA, wanda ke ba da layuka a 69 da 219 da 502. Idan layin 502 ya fara dusashewa fiye da sauran, to lokacin wanki ya matso. Wankin kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, domin sai an huce da na'urar, an shigar mata da iska, an warware maɓuɓɓugar, an goge kowane ƙarfe da garin alumina, an wanke a ruwan narkarwa kashi-kashi, an mayar da komai da safar hannu, sannan a jira sa'o'i masu yawa kafin iska da danshi su fita. Wayar kuwa abin ƙarewa ce. Idan aka kunna ta a lokacin da tururin ruwan narkarwa ke wucewa, ko kuma akwai yoyon iska, nan da nan take tsinkewa, shi ya sa ake kashe ta a mintunan farko na kowane gwaji, kuma yawancin na'urori ke zuwa da waya biyu. Yoyon iska ma a jadawali ake ganinsa: layin 28 na naitirojin da na 32 na oksijin sun tashi tare, na farkon ya ninka na biyun kusan sau huɗu.

Ga ƙwayar da ke wargajewa har a rasa nauyinta na asali, Burnaby Munson da Frank Field sun fito da wata dabara a 1966, wadda ake kira CI. Kayan kusan iri ɗaya ne, sai dai an matse hudojin akwatin don a cika shi da wata iska, metan ko amoniya, har matsinta ya ninka na EI sau dubbai. Elektiron yana harbin wannan iska, ita kuma ta miƙa wa samfur furoton ɗaya (haidirojin mai caji, mai nauyi ɗaya) a hankali, sai a ga nauyin ƙwayar da ƙarin ɗaya. Girman huda kawai aka canza da iskar da ke ciki, amma sinadari ɗaya ya ba da jadawali dabam.

Abin da ba ya bin bututun tururi, kamar gari ko daskararren abu mai wuyar tashi, da sandar shigar da samfur ake kai shi. Sanda ce ta ƙarfe mai ɗan kofin gilashi a bakinta, ana zuba abin da bai kai ƙwayar gishiri ba, a tura ta cikin wani ɗan zaure mai ƙofa biyu, a zuƙe iskar zauren, sannan a buɗe ƙofar ciki a zura sandar har bakinta ya taɓa akwatin. Daga nan ana ɗaga zafinta a hankali zuwa digiri 400 ko sama, abubuwan da ke cikin samfurin su riƙa tashi bi da bi gwargwadon saurin tururinsu. Wannan zaure shi ne dukan hikimar, domin shi ke ba da damar shiga da fita ba tare da an ɓata tsabtar ɗakin ciki ba, kuma wanda ya buɗe ƙofar ciki kafin ya zuƙe zauren ya aika wa waya mai zafi da iska kai tsaye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika samfur, wanda ke barin alamarsa a maɓuɓɓugar kwanaki. A 1981 Michael Barber da abokan aikinsa a Manchester suka shafa samfur a cikin giliserol a bakin irin wannan sanda, suka harbe shi da atam masu gudu, hanyar da aka sani da FAB. Ta buɗe ƙofar auna ƙananan furotin, ta yi zamaninta na kusan shekara goma, sannan feshin lantarki ya ture ta.

Feshin lantarki, wato ESI, shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne ke bakin yawancin na'urorin da ke gwajin magani da abinci da jini a yau. Malcolm Dole ya fara gwada shi a 1968, amma John Fenn da ɗalibansa a Jami'ar Yale ne suka mayar da shi abin aiki daga 1984, suka nuna a 1989 cewa yana ɗaukar manyan furotin ba tare da ya fasa su ba, aikin da ya kai Fenn ga kyautar Nobel ta 2002. Babban sauyin da ya kawo shi ne an fitar da maɓuɓɓugar daga ɗakin da aka zuƙe wa iska, an ajiye ta a waje. Ruwan samfur yana bi ta siririyar allurar ƙarfe wadda aka ɗora wa bolt 3,000 zuwa 5,000. A bakin allurar ƙarfin lantarki yana jan ruwan ya yi tsini, siffar da Geoffrey Taylor ya yi bayaninta a 1964, daga tsinin kuma wani zaren ruwa ke fita ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo masu caji. Yayin da ruwan ɗigon ke bushewa cajin yana matsuwa wuri ɗaya, har ya kai iyakar da Lord Rayleigh ya lissafa tun 1882, inda ƙin junan cajin ya rinjayi ƙarfin da ke riƙe da fatar ɗigon, sai ya fesar da ƙananan ɗigo, su ma su bi wannan hanya. A ƙarshe ƙananan ayon suna ficewa daga fatar ɗigon, manyan furotin kuwa ruwan ne ke bushewa ya bar su da cajin.

Furotin yana fitowa da caji da yawa, kuma wannan ne ya sauya lissafi. Mayoglobin na doki, wanda ake yawan gwada na'ura da shi, nauyinsa kimanin 16,951 ne, amma idan ya ɗauki furoton 20 sai a gan shi a wajen 848.6, idan 15 ya ɗauka a wajen 1,131. Ke nan na'urar da iyakarta 2,000 ce ta iya auna abin da ya ninka iyakarta sau takwas, ba don an taɓa sashen rarrabewa ba.

Abin da ake kira sandar feshi a na'urorin yau bututu ne cikin bututu. Allurar tana tsakiya, iskar naitirojin mai matsi tana fita ta kewayenta don ta taimaka wajen farfasa ruwan, wata naitirojin mai zafi kuma tana busar da ɗigon. Yadda bakin allurar ya leƙo daga bututun waje, abin da bai wuce milimita guda ko makamancin haka ba, yana iya zama bambanci tsakanin feshi mai natsuwa da mai tofi. Na'urorin farko suna fesa ruwan kai tsaye cikin hudar shiga, sai gishiri ya toshe ta; daga baya aka karkatar da feshin ya wuce ta gefe, ƙarfin lantarki ya janyo ayon ciki, manyan ɗigo su zarce magudana. Hudar shigar mazurari ce ta ƙarfe ko siririn bututu mai zafi, a bayanta akwai ɗakuna biyu ko uku, kowanne da famfonsa, matsin iska yana raguwa mataki-mataki. A ɗakin farko, inda har yanzu akwai iska, idan aka ɗaga ƙarfin da ke jan ayon fiye da kima sai ya riƙa karo da ƙarfi ya fashe tun bai isa wurin awo ba, kuma an sha ɗaukar irin wannan gutsure a matsayin wani sinadari dabam.

A nan ne kuma babbar matsalar hanyar take, wadda a ganina duk mai karanta sakamakon gwaji ya kamata ya san da ita. Cajin da feshin ke samarwa yana da iyaka, fatar ɗigon ma tana da iyaka, don haka duk abin da ke cikin ruwan yana gasar neman wuri. Idan kitsen jini ko gishiri ko sabulu ya fito a lokaci ɗaya da sinadarin da ake nema, yana iya kwashe cajin ya bar wancan da kaɗan, sai layinsa ya ragu da rabi ko ya ɓace, alhali yana nan a cikin samfurin. Na'urar ba ta ba da wani gargaɗi a kan haka. Lamba ce kawai ta fito ƙasa da gaskiya. Aflatoksin B1 misali ne mai kyau: da furoton yana fitowa a 313, amma idan akwai sodiyam a ruwan wani kasonsa yana komawa 335, kuma wanda ke kallon 313 kaɗai ya yi asarar wannan kaso. Shi ya sa ake guje wa gishirin fosfet a koma ga wanda ke tashi da tururi, kamar amoniyam fomet, kuma shi ya sa ɗakin gwajin da ya san aikinsa ke zuba wa kowane samfur wani sanannen adadi na sinadarin da ake nema wanda aka ƙera da kabon mai nauyi 13 maimakon mai nauyi 12 da aka saba. Wannan tagwai yana fitowa tare da na asali, danniya, wato wancan kwashe caji da ke rage layi, ta same su daidai, sai a yi lissafi da rabon da ke tsakaninsu. Yana da tsada, kuma shi ne abin da aka fi saurin tsallakewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Feshin kuma ba ya bambanta samfur da dattin ɗaki: layin 391 na sinadarin tausasa roba ne, jerin layuka masu tazarar 44 kuwa yawanci daga sabulun wanke kwalabe suke.

Matthias Wilm da Matthias Mann, a Heidelberg ta Jamus, sun nuna a tsakiyar shekarun 1990 cewa idan aka ja gilashi ya yi baki mai faɗin maikiromita ɗaya ko biyu, aka rage gudun ruwa zuwa nanolita kaɗan a minti, ɗigon yana farawa da ƙanƙanta, danniya ta ragu, samfur ƙalilan ya daɗe ana aunawa. Binciken furotin na zamani a kan wannan ya ginu, ko da yake bakin yana toshewa da ƙurar da ido ba ya gani. Ga sinadaran da ba sa son ɗaukar caji a cikin ruwa kuwa, kamar wasu kitse da wasu magungunan ƙwari, ana cire sandar feshi a sa ta APCI, hanyar da Evan Horning da abokansa suka fara a Houston a farkon shekarun 1970. Ita tana mayar da ruwan tururi ne a bututu mai zafin digiri 350 zuwa 500, sannan wata allura mai kaifi ta yi ɗan tartsatsi ta caja tururin. Danniya ta fi sauƙi a nan, amma abin da ba ya jure zafi ya ƙone. Samfur ɗaya, na'ura ɗaya, sanda biyu, ana iya samun jerin sinadarai biyu da ba su yi kama da juna sosai ba.

A hanyar MALDI, wadda Michael Karas da Franz Hillenkamp suka gina a Jamus a shekarun 1980, farantin ƙarfe mai ɗigo 96 ko 384 ne ya maye gurbin sanda. Ana cuɗa samfur da wani mahaɗi mai shan haske, a bar shi ya bushe, a haska masa leza mai tsawon zango nanomita 337 ko 355, mahaɗin ya tashi ya ɗauko samfurin da caji ɗaya. Asibitoci sun karɓe ta don gane ƙwayoyin cuta: ana shafa ɗan abin da ya tsiro a farantin reno, a karanta jadawalin furotin masu nauyi 2,000 zuwa 20,000, cikin mintuna a sami sunan da a da sai an kwana ana jira. Ingancin sakamakon ya dogara ne a kan kaurin shafin da tsabtar farantin.

Idan ƙarafa ake nema, kamar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, to ba lallashin ƙwaya ake yi ba, rusa ta ake yi har atam. Maɓuɓɓugar ICP, wadda Robert Houk da Velmer Fassel da abokansu suka haɗa da na'urar awo a 1980, tocila ce ta bututun gilashi mai jure zafi guda uku, ɗaya cikin ɗaya, da iskar argon ke ratsawa, wata naɗaɗɗiyar waya mai igiyar rediyo kuma ta mayar da iskar harshen wuta mai zafin digiri 6,000 zuwa sama. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ruwan samfur ne kawai ke isa wutar. A gabanta akwai mazurari biyu na nikel ko filatinam, na farko mai huda kimanin milimita guda, na biyu ƙasa da haka, ana sanyaya su da ruwa. Gishirin samfur yana taruwa a hudar ya rage ta, asid da zafi kuma suna cin gefenta su faɗaɗa ta, kowanne yana sa sakamako ya riƙa zamewa a tsawon yini. Argon ɗin ma yana da tasa ɓarnar: idan ya haɗu da kulorin yana ba da nauyi 75, daidai da na asenik, idan ya haɗu da oksijin kuma 56, daidai da na baƙin ƙarfe, don haka ruwa mai gishiri yana iya nuna gubar da babu ita muddin ba a yi tanadin cire wannan ruɗani ba.

Daga 2004 aka shiga wani sabon babi, na kai maɓuɓɓuga wurin samfur. Zoltán Takáts da Graham Cooks a Jami'ar Purdue sun karkata feshin lantarki kan fuskar abu suka tattara abin da ya fantsamo, suka kira shi DESI. A 2005 Robert Cody da James Laramée suka fito da DART, mai hura iskar hiliyam mai zafi da kuzari a kan abu, Charles McEwen kuma ya nuna cewa ɗan tsinken gilashi da aka goga a samfur aka sa a cikin naitirojin mai zafi ya wadatar. Ba a jima ba Facundo Fernández da abokansa suka yi amfani da irin waɗannan hanyoyi wajen tantance jabun ƙwayoyin atesunet na zazzaɓin cizon sauro da aka tattaro daga kudu maso gabashin Asiya, ana riƙe ƙwayar a gaban hudar na daƙiƙoƙi kaɗan. Abin sha'awa ne, amma ina ganin ana zuzuta shi fiye da kima. Tunda ba a rarrabe sinadaran da ke cikin samfur kafin a ba su caji, danniya tana nan da ƙarfinta, kusurwar riƙo da nisan hannu ma suna canza tsawon layi. Hanyoyin suna da kyau wajen cewa akwai ko babu; idan tambayar ita ce nawa ne, galibi sai an koma doguwar hanya.

Duk wannan yana da ma'ana ta musamman ga jami'a ko hukuma a ƙasashenmu da ke shirin sayen irin wannan na'ura. Tambayar farko ita ce wane irin samfur za a riƙa kawowa, domin amsarta ce ke nuna maɓuɓɓugar da ake buƙata, sannan a zo kan abin da maɓuɓɓugar ke ci kullum. GC-MS tana son hiliyam mai tsabtar kashi 99.999 cikin 100, da waya ta ajiya. Feshin lantarki yana shan naitirojin lita goma zuwa talatin a minti, abin da sai da injin samar da ita a wurin, kuma yana zaune ne a cikin iskar ɗaki, don haka ƙurar hunturu da ta shigo ta taga tana iya ƙarewa a hudar shiga. Ɗaukewar wuta babu shiri tana tsayar da famfon da ke juyi sau dubbai masu yawa a minti, iska ta koma kan ƙarfe mai zafi ta ɓata fuskarsa, sannan a yi asarar sa'o'i kafin na'urar ta sake natsuwa. ICP kuwa tana cin argon kimanin lita 15 zuwa 20 a minti, ke nan babbar tukunyar gas mai lita 50 da aka cika a matsin bar 200, wadda ke ɗauke da kusan lita 10,000, ba ta wuce aikin sa'o'i takwas zuwa sha ɗaya. Kasafin da ya sayi na'urar bai ware kuɗin argon da mazurari da allura da tagwayen sinadaran daidaitawa na shekaru masu zuwa ba, ya kamata a mayar da shi a sake lissafi kafin a sa hannu.